Ranar da Kunkurun Kawu Ta Koma da Baya

Duk wanda ya taɓa tuƙa Volkswagen Beetle ya san mota ce da aka ƙera a juye. Inji a baya, akwatin kaya a gaba, batir a ƙarƙashin kujerar baya, lagireto kuwa babu shi, iska ce ke sanyaya injin. A 1975 aka fara haɗa ta a Ojo da ke Legas, kuma sai a 2003 aka ƙera ta ƙarshe a Meziko, bayan an yi fiye da miliyan 21. Ɗaya daga ciki ta faɗo hannun kawuna, tsohon malamin makaranta a Kano, mu kuma muka raɗa mata suna Kunkuru.

Da yake giyabos yana baya, direba yana gaba, wani dogon rodi ne ke haɗa su ta cikin ƙashin bayan motar. Abu biyu ke riƙe da mutuncin rodin nan: ɗan zoben roba da yake ratsawa daf da libar giya, da wani mahaɗi mai robobi biyu a ƙarƙashin kujerar baya. Idan suka cinye, liba sai ta riƙa yawo kamar muciya a tukunyar talge, ka nemi lamba ɗaya ka rasa.

Kawu ya daɗe da rasa ta. Shekara da shekaru da lamba biyu yake tashin mota, yana cewa lamba ɗaya ta 'yan koyo ce. Sai da lamba uku ta bi sahun yayarta sannan ya je gareji. Wani matashin bakanike ya karkaɗa liba, ya girgiza kai, ya ce, "Baba, sai an sauke giyabos." Ya faɗi kuɗi. Kawu ya ce ko sadakin matarsa Gwaggo bai kai haka ba, ya juyo gida.

Wani dattijon bakanike da ke sallah a masallacin unguwa shi ya tsegunta masa cewa giyabos lafiyarsa ƙalau, robobi ne kawai. Ya ce ya kawo motar ya duba. Kawu ya ce haba, mutumin da ya koyar da lissafi har ya yi ritaya ba zai kai wa wani aikin roba ba. Ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo kayan, ni kuma aka ɗora mini riƙon tocila.

A gaskiya aikin baya ya yi kyau. Ya ɗaga kujera, ya kwance ɗan murfin ƙarfe, ga mahaɗin nan robobinsa sun zama gari. Ya sa sabo, ya ɗaure. Zoben gaba ne ya sha ran kowa, domin sai an cire liba, an turo rodin gaba ɗan kaɗan kaɗan da filaya ta wani rami da hannu ba ya shiga, a shafa giris, a sake lallaɓa shi ya koma. La'asar ta wuce mu a nan, Kawu ya yi baƙi har gemu.

To, a gindin libar akwai wani faifan ƙarfe da noti biyu ke dannewa. Ba ado ba ne. A Beetle, ribas maƙwabciyar lamba biyu ce, sai ka danna liba ƙasa, ka kai ta hagu, ka ja baya. Faifan nan ne mai gadin da ke hana ta faɗawa ribas ba a danna ba. Kawu ya jujjuya shi, ya ce, "Ɗan nan, ta ina ya fito?" Na ce, "Kawu, ni haske aka ce in yi." Ya mayar da shi yadda ya ga ya fi kyau a ido.

Bayan magariba ya kira 'yan majalisa su shaida. Ya zauna, ya taka kuloci, hannu kuma ya yi abin da ya saba, ya ja lamba biyu. Ya ɗaga wa jama'a hannu, ya ba ta wuta.

Kunkuru ta zabura da baya. Teburin mai shayi na nan a bayanta. Kiret ɗin ƙwai, gwangwanayen madara da burodi suka watse, mai shayi ya haye benci yana salati da butar shayi a hannu. Kawu, idonsa na gaba, sai cewa yake, "Wa ke jan ta? Ku sake ta!"

Ba wanda ya ji ciwo. Da safe dattijon bakaniken ya zo da sifana mai lamba 13, ya juya faifan, ya sa liba a lamba biyu, ya daidaita, ya ɗaure noti. Kafin shayinsa ya huce ya gama, ya ce ladarsa kawai yake so. Mai shayi kuwa bai ce haka ba. Ya kawo lissafi a rubuce, har da ƙwan da ya ce ya tsage ta ciki, Kawu ya sa tabarau ya bi shi layi layi, ya gano kuskuren tarawa, ya rage kuɗin burodi ɗaya, ya biya sauran.