Zuwa Ga Bawana Bazazzage, Sabon Ma'ajin 'Yan Ci-rani

Bawana, bayan gaisuwa irin wadda ubangida kan yi wa bawansa in ya ga dama. Labari ya iso Kano cewa 'yan zamaninku na jami'ar Zariya da ke warwatse a ƙasashen waje sun yi zaɓen ƙungiya, wai kai aka damƙa wa jakar kuɗi. Na tambayi wanda ya kawo labarin ko babu Bakano ko ɗaya a cikinku. Ya ce akwai, har da yawa. Na ce to lallai sanyin Turai yana taɓa ƙwaƙwalwa. Mutanen da kakanninsu suke ciniki a kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Rumfa suna zaune, a tsallake su, a ba ɗan Tudun Wada ajiya? Kai da har ka bar Samaru mai shayin bakin ƙofa yana bin ka bashi? Allah ya sanya alheri, ya kuma tsare dukiyar bayinsa.

An turo mini jawabinka na karɓar mulki. Turancin ya yi tsawon da na ci tuwo na wanke hannu ba ka kai ga godiya ba. Da ka juyo Hausa kuma sai na ji hankalina ya kwanta, don na tabbata Manchesta ba ta canza ka ba: ƙungiya namu ne, shugaba mace ya yi ƙoƙari, motar da za a saya zai taimaka. Digiri uku, amma har yau a bakinka namiji da mace layi ɗaya suke bi.

Na san abin da za ka fara jifa ta da shi, don shekara da shekaru ba ka da wani makami. Za ka ce Jami'ar Bayero da nake tutiya da ita 'yar cikinku ce, Kwalejin Abdullahi Bayero ce a ƙarƙashin jami'arku ta ABU kafin ta tsaya da ƙafarta a 1977. Haka ne. Amma zo mu zauna mu duba abin da yake na Zazzagawa a cikin wannan jami'a da aka buɗe ran 4 ga Oktoba 1962. Sunanta na Basakkwace ne, Sardauna Ahmadu Bello. Shugabanta na farko, Norman Alexander, daga Niyuzilan ya fito. Babban ɗakin karatun da kuke ɗaukar hoto a gabansa sunan Babarbare ke jikinsa, Kashim Ibrahim. Na bar muku Farfesa Ishaya Audu, wanda ya riƙe ta daga 1966 zuwa 1975, na kuma bar muku ɗakin kwanan Amina. Sauran duk fili kuka bayar. Ko Kwalejin Barewa da kuke cika baki da ita a Katsina aka haife ta a 1921, ta yada zango a Kaduna, sannan ta iso muku. Ku masu masauki ne, kuma ka riƙe wannan magana, don a nan ne kaɗai zan yabe ka, shi ma ba da son raina ba.

Kafin yabon, bari mu yi maganar taronku. Wani ɗan uwana Bakano da ke cikinku, wanda shi ne idona a can, ya ce abin da kuka fi daɗewa kuna muhawara a kai shi ne ƙarfe nawa za a zauna. Kuka tsayar da takwas na dare agogon Najeriya. Na Jidda ya ce goma ta yi masa dare. Na Toronto ya ce shi da sauran rana, yana bakin aiki. Bawan Allah da ke karatu a Maleshiya kuwa uku na dare ne a wurinsa, yana shiga da bargo a ka, ya ce ya goyi baya, ba tare da ya san abin da ake magana a kai ba. Ku na Ingila kun fi kowa abin dariya. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris agogonku ɗaya da namu, daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba ku koma baya da awa guda, amma duk shekara sai rabinku sun makara ko sun yi sammako, sannan a ɓata farkon taron ana neman wanda ya yi laifi. Masu kimiyya ke nan.

In an samu an zauna, sai a shiga tuna baya. Wane ya tuna layin karɓar abinci, wane ya tuna sanyin Samaru lokacin hunturu, 'yan Kongo masu karatun lauya da mulki su ce su ne manya, likitoci su ce ai su ne suka sha wuya. A yi ta jera sunayen waɗanda suka bi ta makarantar, Umaru Musa 'Yar'aduwa, Atiku Abubakar, Sanusi Lamido Sanusi, kamar ku kuka koya musu karatu. Na ƙarshen nan ma Bakano ne, aro muka ba ku. Daga nan a koma kan kundin tsarin mulki, sashe na kaza, ƙaramin sashe na kaza, ko mataimakin sakatare na biyu yana da ikon sa hannu in na ɗaya yana bayan gida. An ce kundin ya fi rajistar membobinku kauri.

Sai kuma aikin alheri da za ku yi wa tsohuwar makarantarku. Wasu suka ce rijiyar burtsatse, wasu suka ce fitilu masu aiki da hasken rana, wasu suka ce kwamfutoci. Aka kafa kwamiti. Kwamitin ya kafa ƙaramin kwamiti. Ƙaramin kwamitin ya rasa wanda zai taka kasuwa ya ji farashi, shi ne ka tuna kana da ubangida a Kano. Ka kira ni kana wani lanƙwasa murya, ranka ya daɗe, ko za ka leƙa Sabon Gari ka jiyo mana kuɗin batir da farantin hasken rana? Na je na jiyo. Kafin ku gama zama a kan farashin, ya tashi. Na sake jiyowa, ya sake tashi. Yanzu mai shagon in ya hango ni sai ya ce, Alhaji, Turawan naka sun farka? Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. Taku kam a ƙafa take, amma ƙafar tawa ce.

To ga yabon. Abin da kuke fama ku ƙirƙiro da kundi da kwamiti, kakanninmu sun gama shi tun kafin a san jirgin sama. Fataken goro da suka riƙa bin hanyar Gwanja suna sauka Salaga, daga baya Kumasi, ba su taɓa isa gari suna tambayar ina za su kwana ba. Akwai zango, akwai sarkin zango, akwai fatoma. Fatoma shi ke sauke baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in za a ba shi bashi, ya raba shi da rigimar mutanen gari. In ajali ya riski baƙon a can, 'yan zango ke yi masa sutura, su aika gida da abin da ya bari. A cikin wannan tsari Alhassan Ɗantata ya yi fataucinsa kafin gyaɗa ta mai da shi abin da ya zama. Haka alhazan ƙafa suka yi a Sudan, kowane ayari ya tarar da waɗanda suka riga shi.

Kuma na ji, ba daga bakinka ba, cewa wannan shi ne aikin da kake yi a ɓoye tun kafin a ba ka muƙami. An ce in yaro ya sauka filin jirgin Manchesta da akwati ɗaya da rigar da ba ta san sanyi ba, lambarka ake ba shi. Ya kwana a falonka har ya sami ɗaki, matarka ta ciyar da shi, ka nuna masa inda ake sayen naman halal da inda ake rajistar likita, ka gaya masa kada ya kuskura ya wuce awa ashirin na aiki a mako da bizar ɗalibi ta yarje masa lokacin karatu. An ce likitocin cikinku su ke zama da sababbin zuwa suna yi musu bitar jarrabawar PLAB kyauta. An kuma gaya mini yadda kuka yi da aka yi muku rasuwa, yadda kuɗin kabari da a can kan lashe dubban fam ya haɗu kafin gari ya waye, ba tare da kowa ya buɗe kundi ya duba sashe ba. Ranar babu wanda ya tambayi ƙarfe nawa ne a Toronto. Fatoma ne kai, bawana, fatoman da ya sa kwat. Jinin masu masauki ne ya motsa.

Wannan aiki kuwa ƙara nauyi yake yi. Tun Janairun 2024 Ingila ta hana yawancin ɗalibai masu digiri na biyu zuwa da iyali, sai masu bincike. A Maris na shekarar ta rufe wannan ƙofa ga masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya. Ma'ana, samarin da ke zuwa muku yanzu gwauraye ne na dole, mata da 'ya'ya suna Funtuwa ko Giwa, su suna ɗaki ɗaya da duhun ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba. Ga kuma naira. Dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo, fam kuma ya kai wajen 2,000. Yaron da ubansa ya sayar da fili ya yi lissafin kuɗin makaranta da tsohon farashi ya wayi gari fiye da rabin kuɗin ya narke. Irin waɗannan ba su da buƙatar jawabin karɓar mulki. Wanda zai buga musu ƙofa ranar Juma'a ya ce taso mu je masallaci suke nema.

Tunda ka zama ma'aji ba tare da ka san ƙirga ba, bari in ba ka darasi kyauta, na kuma san a taro za ka faɗa kamar kai ka ƙirƙiro. Na farko, kada kuɗin jama'a ya ƙara kwana a asusunka na kanka, ko da na dare ɗaya ne. Ba don ina zarginka ba, ko da yake mai shayin nan yana da abin faɗa. Ƙungiyoyi irin taku ba rashin kuɗi ke kashe su ba, wane ya ce wane ya ci ne. Ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum biyu su riƙa sa hannu, ɗayan ya zama Bakano. Duk wata ka fitar da abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin ruwan roba. Sannan ka sani, a Ingila ƙungiyar agaji in kuɗin shigarta ya wuce fam 5,000 a shekara wajibi ne ta yi rajista da hukumar da ke sa ido a kan irinta. Kada ka ɗauki wannan wahala ce. In hukumar haraji ta amince da ku, akwai tsarin da suke kira Gift Aid, wanda duk fam ɗaya da mai biyan haraji a can ya ba da sadaka, gwamnati za ta ɗora muku kwata a kai. Ribar kashi ashirin da biyar cikin ɗari, babu dako, babu kuɗin shago. Da a Kantin Kwari aka ji wannan labari da tuni an yi layi. Ku kuna can kuna gyara waƙafi a sashe na tara.

Ku kuma manta da gini. Na san dalilin da ya sa kuke son gini, don a manna allon dutse da sunayenku, ku zo da babbar riga a yanka zare. A 2023 jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗin rajista, yara sun bar karatu a aji uku saboda abin da kai kake kashewa a man mota na mako biyu. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wanda a lokacin bai kai fam arba'in ba. Ka auna da kanka. Ku nemi malami ɗaya mai amana a kowace tsangaya, cikin abokan karatunku da suka ƙi tafiya, waɗanda suka zauna wata takwas babu aji a yajin aikin 2022 kuna turo musu addu'a daga nesa. Su suka san yaron da ke kwana masallaci. Ku biya kai tsaye a asusun makaranta, a turo muku rasit. Bankin Duniya yana ƙiyasta abin da 'yan Najeriya mazauna waje ke aikowa gida da kimanin dala biliyan 20 a shekara. Ban san nawa ne na Zazzagawa a ciki ba, amma in an bi ta abin da ni na gani daga hannunka, to ba ku wahalar da masu lissafin ba.

Wata magana kuma. Ranar da ka haɗa ni da autanka a waya na ce masa yaya karatu, ya juya yana tambayarka me baffa ya ce. A taronku na shekara, maimakon a ba babban baƙo awa guda yana bayani a kan makomar ilimi a Afirka, ku tara yaran nan a gefe, a samu wata baiwar Allah ta yi musu tatsuniya. Amma don Allah a nemo Bakanuwa, kada a gyara ɓarna da ɓarna.

Saura hakkina. Cika-ciki ya wuce ban ga kuɗin shara ba, na bara ma shiru, na bariya ka ce intanet ce ta yanke. Na haɗa lissafi, kuma da fam zan karɓa, a farashin ranar biya. Na ji za ka zo gida hutun ƙarshen shekara kuma ta Kano jirginka zai sauka, tunda ku jiragenku na koyon tuƙi ne. Zan aiko yaro ya ɗauko ka, ka kwana gidana, a yi maka dambu da zogale ka tuna duniya. Da safe in kai ka Sabon Gari da kaina, ka tsaya gaban mai batir ka yi masa bayanin ƙaramin kwamiti da bakinka. In ka biya shara, in sa a kai ka har Ƙofar Doka. In ba ka biya ba, a Kwanar Ɗangora direban zai sauke ka da akwatunanka.

Ubangidanka na Kano.