Wai Burauza Ce Mai Mantuwa

Akwai wani kuka da ya game mu kaf, daga malamin makaranta har Hajiyar da ke sayar da atamfa ta intanet: wai burauza ba ta riƙe mutum. Jiya ka shiga imel ɗinka, ka sa suna, ka sa kalmar sirri, har ka danna ɗan akwatin nan da ke cewa a tuna da kai, amma yau da safe ka buɗe ta ce wane ne kai, daga ina, kawo shaida. Sai mu hau tsaki, mu zagi wayar, mu zagi mai wayar da ya sayar mana, in abin ya yi zafi mu haɗa har da kamfanin layi wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Abin da ke ƙona mana rai kuwa ba sake shigar ba ne. Kalmar sirrin ce ba mu sani ba. Rabinmu yaron shagon da ya buɗe mana akawun shi ya zaɓa mana ita, kuma yanzu ya koma Abuja. Sauran rabin kuma lambar wayarmu ce ta dā, ko sunan ɗan fari da 123 a ƙarshe, ko wani abu da muka rubuta a bayan kalandar da aka naɗe ƙosai da ita tun bara. Mun miƙa wa burauza amanar tunawa mun juya baya, ranar da ta sauke kayan sai asirinmu ya tonu. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani.

Bari dai mu fahimci abin da ake rigima a kansa. Shafin intanet, a yadda aka gina shi tun asali, ba ya gane kowa. Duk dannawar da ka yi, sabon baƙo ne ya zo a wurinsa. A 1994 wani injiniya a kamfanin Netscape mai suna Lou Montulli ya fito da dabarar da ake kira kukis don magance wannan. Ka san katin nan da mai gadin babura ke ba ka a bakin kasuwa? Shi bai haddace fuskarka ba, lamba ya sani. Ka dawo da kati ya ba ka babur, ka yar da kati ku kwana kuna rantse-rantse. To haka kuki yake: ɗan guntun rubutu ne da bai wuce kilobait 4 ba, shafi ya ba burauzarka ta ajiye, duk sanda ka koma ta nuna masa, ya ce bismilla, shigo. Iri biyu ne. Akwai na zama ɗaya, wanda da ka rufe burauza ya tashi aiki. Akwai kuma mai wa'adi, wanda aka rubuta masa ranar ƙarewa, shi ne ɗan akwatin "a tuna da ni" ke jawo maka. Saboda haka duk ranar da aka ce ba a san ka ba, galibi ɗaya daga cikin uku ne: ko ba a ba ka katin ba, ko wa'adinsa ya cika, ko wani ya share shi. Kuma a gidajenmu, wannan "wani" ɗin ba ya da nisa.

Mu fa mutane ne masu son shara a waya. Ɗakinmu na iya kwana uku bai ga tsintsiya ba, amma waya sai an share ta safe da yamma. Kowa na da manhajar nan mai hoton roka ko tsintsiya, ka danna ta yi wani juyi, ta ce ta kwashe datti kaza, ka ji wani sanyi a ranka kamar ka biya bashi. A kwamfuta, yawancin irin waɗannan manhajoji kukis na cikin abin da suke ɗauka a matsayin datti, sai in kai ka cire musu alamar. A waya kuma mu da hannunmu muke shiga saituna, mu ga maɓalli biyu, ɗaya na goge tarkacen wucin gadi, ɗaya na goge bayanan manhajar gaba ɗaya, mu ce ai gara a yi mai gaba ɗaya. Na farkon hotuna da burbushin shafuka kawai yake kwashewa, ba ya fitar da kai daga ko'ina. Na biyun mayar da burauza yake sabuwa fil kamar yau aka sauke ta. Garin gyaran gira ke nan. Abin dariyar, duk kukis ɗin wayarka ka tara su ba su kai nauyin bidiyon kamu guda ɗaya da aka turo zauren dangi ba, amma bidiyon yana nan, da hotunan barka da Juma'a na shekara huɗu, da wa'azin da muka ajiye za mu saurara in an sha ruwa tun azumin waccan shekarar. Su ba ma taɓa su.

Sai kuma babbar magana, wadda kowa zai yi shiru ya kalli ƙasa. Muna son burauza ta tuna da mu, amma ba ma son ta tuna inda muka je. Alhaji ya shiga duba farashin akwatunan lefe, kuma uwargida kan ari wayar ta kira 'yar uwarta. Matashi ya leƙa shafin cacar ƙwallo "don ya ga yadda suke yi ne kawai". Hajiya ta yi binciken wani ciwo da ba ta son a sani, ko ta bi sawun shafin kishiya har zuwa hotunan 2019. Duk sai mu gudu tagar sirri, wadda Chrome ke kira Incognito, kuma aikinta ke nan: duk kukin da aka ba ka a cikinta, da ka rufe tagogin ya tafi. Matsalar ita ce wasunmu sun tare a can gaba ɗaya, sun saba da baƙar fuskar har sun ɗauka ado ne, a nan suke buɗe imel, a nan suke buɗe komai, sannan su zo suna cewa wayar nan aljanu ne da ita. Wanda bai shiga tagar sirri ba kuma, yana gamawa sai ya je goge tarihi, hannu na rawa, ya sa alama a kowane akwati, ya zaɓi tun farkon zamani. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Da ya tsaya ya karanta, da ya ga akwatin tarihi daban, na kukis daban, kuma ana iya goge awa ɗaya kacal a bar sauran. Amma wa ke karatu alhali ana jin takun tafiya a tsakar gida?

Kowane gida kuma akwai ɗan yaya ko ɗan ƙanwa da "ya san kwamfuta". Ya zo hutu, ka ce masa, "Kai, duba min abin nan, nauyi yake yi." Ya karɓa ya yi danne-danne, ya ce, "Kawu, na ƙara maka tsaro." Tsaron shi ne ya kunna saitin da ke goge kukis duk sanda aka rufe burauza. Firefox na da shi a sashen sirri da tsaro, har da wani zaɓi na kada ta taɓa tuna tarihi, wanda ke mayar da ita tagar sirri ta dindindin. Chrome da Edge ma suna da nasu. Wani lokacin ya ɗora maka ƙarin manhaja irin Cookie AutoDelete, wadda sunanta ma ya faɗi aikinta. In ya yi zurfi ya toshe kukis baki ɗaya, sai ka sa kalmar sirri daidai, shafi ya karɓa, ya juyo da kai bakin ƙofa, ka sake sawa, ya sake juyo da kai, har la'asar. Yaro ya koma makaranta, ya bar ka da tsaro.

Wani abin kuma ko kunya ba ma ji: burauza huɗu ce a wayar mutum ɗaya. Ga Chrome da ta zo da wayar, ga Opera Mini ta ranar da data ta yi ƙasa, ga wata da ba mu san ranar da ta shigo ba, ga kuma wadda ke ɓoye cikin Facebook, wadda ke buɗewa in ka danna mahaɗi a can. Kowacce da ma'ajinta, ba mai ba wata aro. Ka shiga shafi ta ɗaya, gobe ka neme shi ta wata, ka ce an fitar da kai, alhali ba a taɓa shigar da kai a nan ba. Haka a shagon kafe lokacin duba sakamakon jarrabawa: masu shago da yawa na sa manhaja irin Deep Freeze, wadda ke mayar da kwamfuta yadda take duk sanda aka kashe aka kunna. Wannan kam alheri aka yi mana, ko da muna hararar mai shagon.

Agogo ma na da hannu. Kuki mai wa'adi da agogon na'urarka ake auna shi, in kwanan wata ya yi tsalle gaba sai burauza ta ga duk sun ruɓe ta zubar. Tsohuwar kwamfutar ofis kuwa da ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, ya mutu a cikinta, kullum da safe takan farka a wata shekarar da ta wuce, shafuka su yi ta gargaɗin tsaro su ƙi buɗewa. Mu kuma sai mu gyara lokacin da hannu kowace safiya, shekara guda cur, maimakon mu sayi batirin da bai kai kuɗin shayi da burodi na kwana biyu ba.

Don kada a ce mun cika son kai wajen ɗaukar laifi, akwai inda ba mu ba ne. Shafin banki da gangan yake korar ka bayan 'yan mintuna, kuma gara haka. In ka canja kalmar sirri, shafuka da yawa na soke tsoffin kukis a sauran na'urorinka. Wasu in suka ga ka ɓullo daga wata ƙasa sai su nemi ka sake gabatar da kanka, mu kuwa tun da aka rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 muka koyi VPN, har yau wasunmu da safe suna Kano, da azahar suna Jamus, ba biza ba jirgi. Masu iPhone, da ke ɗaga mana hanci, su ma ba su tsira ba: tun 2019 burauzarsu Safari ke yanke wa kukis ɗin da shafi ya rubuta ta hanyar JavaScript wa'adin kwana 7. Chrome kuma tun 2022 ba ta barin wa'adin kowane kuki ya haura kwana 400.

Sai allon nan da ke tare mu a bakin kowane shafi yana tambaya ko mun yarda da kukis, wanda ya yawaita bayan dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a watan Mayun 2018. Ba wanda ya taɓa karanta shi a cikinmu, mu dai a matsa mana mu wuce. Amsar da ka bayar, ko eh ko a'a, galibi a cikin kuki ake ajiye ta. Wato wanda ya goge kukis don ya gaji da tambayar kukis, gobe da ita zai karya.

Gano bakin zaren ba wuya, mu ne dai ba ma son bi a hankali. Tambayar farko: shafi ɗaya ne ke mantawa ko duka? In ɗaya ne, to tsarinsa ne, ko an sa shi cikin jerin waɗanda aka toshe. Goge kukis ɗinsa shi kaɗai ka sake shiga. In duka ne, shiga wani shafi, rufe burauza, buɗe nan take. Ta manta? To saitin gogewa ne ko wata ƙarin manhaja, kashe su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta manta ba sai da aka kwana? Nemi mai shara. In duk an bi ba a dace ba, mai yiwuwa fayil ɗin ajiyar ne ya lalace, abin da kan iya faruwa in an ɗauke wuta kwamfuta na tsakiyar rubutu. A Firefox sunansa cookies.sqlite, ka rufe ta, ka canja masa suna, ita da kanta za ta ƙirƙiri sabo. A Chrome ka buɗe sabon furofayil ka gwada. Aikin da bai kai a dafa shayi ba. Amma mu ina! Sai mu hau adaidaita zuwa kasuwar waya ta Farm Centre mu ce, "Oga, a yi mata filashin kawai," a goge komai da komai, har da lambar da muka ajiye da sunan "Fasuwod".

Mafi ban mamaki, duk wannan tsafta a kan namu kayan take ƙarewa. A wayar aboki ko kwamfutar ofis, inda ya kamata mu buɗe tagar sirri, a nan ne muke shiga hankali kwance, mu danna a tuna da mu, mu miƙa wa mai ita kayansa mu yi gaba. Nan kuwa burauza ba ta mantuwa ko kaɗan. Duk wanda ke riƙe da kukin, a wurin shafi shi ne kai, ba a tambayarsa kalmar sirri. Google da Facebook duk suna da wurin da ke nuna na'urorin da akawun ɗinka ke buɗe a kansu, ka fitar da su daga inda kake zaune, amma ba ma tuna da shi sai ranar da waya ta fara ruri tun asuba, gwaggo na cewa, "Ɗan nan, ashe ɗaurin aurenka Asabar ɗin nan ne, sai a Facebook za mu gani?"