Rumbun da Ya Kwana Cikin Zoɓo

Lokacin da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da na jami'ar Gadau ke haɗa furojet, shi ne kakar masu shagon buga takardu irina a Azare. Ana tsakiyar kakar nan rumbun kwamfutata, wanda masu gyara ke kira had dis, ya kama wata ƙara: ƙas, ƙas, ƙas. Allo ya yi baƙi ƙirin. A ciki akwai katunan biki, hotunan fasfo na rabin unguwa, da furojet ɗin wata ɗaliba da ta hura murhu da rubutun hannunta tun ranar da na ce mata na gama bugawa.

Kafin la'asar shago ya cika da likitoci. Mai shayi ya ce a binne shi cikin shinkafa. Wani ɗan acaɓa ya ce a ɗan doka shi da ƙasa, haka yake yi wa rediyonsa. Kawu kuwa gori ya kawo: "Ɗan nan, takardar gonarmu tun zamanin da aka dawo da fadar Katagum nan Azare a 1916 tana cikin adakata, ko gara ba ta lasa ba. Kai naka na lantarki ko shekara biyar bai yi ba yana tari."

Shawarar da ta ci zaɓe ita ce ta wani yaro da ya gani a YouTube: firiza. Rumbu ya kwana cikin leda a firizar Hajiya mai zoɓo, tsakanin kunun aya da lamurje. Da safe muka jona, ya yi ƙas sau biyu, ya yi tsit. Mai shayi ya ce, "Alhamdu lillahi, tarin ya tsaya."

Sai Kano. Jama'are, Kiyawa, Wudil, rumbu na ƙirjina naɗe cikin hula. A titin Bairut wani matashin injiniya ya karɓa, ya kai hanci, ya ce, "Oga, wannan ai ƙamshin citta yake."

Ya yi mini karatu kyauta kafin ya faɗi kuɗin da ba kyauta ba. Faifan da ke ciki, in ji shi, yana juyi 5,400 a minti ɗaya, wata allura kuma tana shawagi a kansa, tazararsu ko kusa ba ta kai kaurin gashi ba. Ƙas ɗin nan allurar ce ke neman layinta tana rasawa tana komawa, kuma duk kunnawar da aka yi tana iya ƙara kartar faifan. Firiza kuwa raɓa take saukar masa. Ya samo wani rumbu irinsa sak, ya ciro allurarsa ya dasa, ya kwafe abin da ya karantu zuwa sabo, sannan ya sake masa wata manhaja, PhotoRec. Wai goge abu a kwamfuta tamkar kankare sunan ɗan haya ne daga ƙofa: mutum na nan kwance a ɗakinsa sai ranar da wani ya tare a kansa. Na gyaɗa kai ina murna. Ban san ni ake yi wa gargaɗi ba.

Fayiloli suka dawo dubbai, amma babu mai suna, sai f da jerin lambobi. Dole a buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Maiɗakina, Allah ya saka mata, ta ce za ta taya ni da dare. Muna cikin hotunan fasfo, wani ya ƙifta ido, wani ya saki baki, sai ta tsaya cak.

"Malam, wace kwastoma ce wannan mai jan gyale, da ta yi fasfo kala-kala, har da na bakin kogin Jama'are?"

Na ce aikin mutane ne.

"To. Ashe kai ma kana shiga fasfon mutane, da zanna-bukar ɗinka."

Hoto na gaba katin ɗaurin aurena da mai jan gyalen ne, wanda aka fasa tun kafin in san ƙofar gidan su maiɗakina, wanda na goge da hannuna har da bismilla. Ya dawo tas, ko ɗigo bai ɓace ba. Furojet ɗin ɗaliba kuwa, babi na ɗaya, na biyu, na uku da na biyar suka hallara. Na huɗu, mai ɗauke da duk alƙaluman bincike, ko sama ko ƙasa.

Da yake tuwon dare ya shiga yajin aiki a gidana, na koma cin ƙosai a bakin titi. Ina warware ƙunshi, sai ga rubutu cikin maiƙo: Jadawali na 4.2. Ashe takardun gwaji da firinta ta ɓata, waɗanda nake tara wa Iya mai ƙosai, har da babi na huɗu.

"Iya, ina sauran takardun da na ba ki?"

"Ɗana, kyauta ai ba ta komawa. Amma ana sayarwa."

Na sayi takarduna da kuɗina, ta ɗora mini ƙosan ɗari biyu dole. Ni da ɗalibar muka shanya shafuka a rana muna karanta kashi cikin ɗari ta tsakanin yaji. Shafi ɗaya ne bai samu ba. Iya ta ce wani direban Fataskum ta ƙunsa wa, dogo, mai hular sanyi. Duk wanda ya san shi, ya ce masa kada ya goge hannu da takardar.