Ranar Bizit, Ranar Kwalliya

A unguwar Kirkissoye ta Yamai, duk tsohuwar taksin da ka ga ta wayi gari da fitilu biyu masu ci, madubi dama da hagu, da tayoyi masu zane, kada ka yi wa direban barka. Ba arziki ya yi ba, ranar bizit teknik ce, wato binciken lafiyar mota, ta zo. Tayoyin na maƙwabci ne, fitilar ta makanike ce, har gorar kashe gobarar ma da la'asar za a mayar wa mai ita. Kamar amaryar da aka yi wa aron gwal, kwana ɗaya take haskawa.

Takardar bizit na fita, sai a koma gidan jiya. Ƙofar baya da igiya take rufuwa. Salansa na tuƙa hayaƙin da ko sauron bakin kogi sai ya yi ƙaura. In ɗan sanda ya busa usur, direba ya miƙa takarda da ƙarfin gwiwa, don ita dai lafiyarta lau.

To, binciken banza ne? A'a. Gadar Kennedy tun 1970 take ɗaukar mutanen Harobanda daga ƙetaren kogi zuwa cikin Yamai, kuma wanda birki ya taɓa ƙwace masa a kanta da safe, ga babura gaba, ga amalanken jaki a gefe, ba zai raina mai duba birki ba. Ko ba komai, sau ɗaya dai ana tilasta wa mai mota ya leƙa ƙarƙashinta.

Roƙon direbobi guda ne: in an gama da motoci, a kai hanyoyin unguwa su ma bizit bayan damina. A ga ko za su samu mai ara musu kwalta.