Koren ɗigon da ya cinye buhu arba'in

Ranar da na kai wa Alhaji manhajar a rumfarsa ta kasuwar Dawanau, har babbar riga na saka. Wata uku na yi ina rubuta ta da Flutter, kayan aikin nan na Google da ake rubutu sau ɗaya ya yi aiki a Android da iPhone, domin Alhaji iPhone yake riƙewa, yaransa kuwa kowa da tasa Android mai fasasshen gilashi. Aikinta ɗaya ne: yaro ya sayi riɗi a kasuwar ƙauye, ya shigar da yawan buhu da kuɗi, Alhaji ya gani daga kan kujerarsa. A saman allo na ɗora wani ɗigo. In ya yi kore akwai intanet, in ya yi ja babu. Duk cikin aikin da shi na fi taƙama.

"Injiniya, wannan abin ba ya ƙarya?"

"Ranka ya daɗe, ai na'ura ba ta ƙarya."

Ɗigon nan da wani ɗan ƙunshi mai suna connectivity_plus ya dogara. Tambaya ɗaya yake yi wa waya: da me kike haɗe? Ta ce Wi-Fi, ko datar layi, ko ba komai. Waɗanda suka rubuta shi sun faɗa ɓaro-ɓaro a bayaninsa cewa wannan amsa ba ta tabbatar da samun intanet. Ban karanta ba. Tsakani da Allah, wa ke karanta takardar cikin kwalin magani? Gwajin ma a ɗakina na yi: in kunna alamar jirgin sama ɗigo ya yi ja, in kashe ya koma kore. Na maimaita ya fi sau ashirin, ina murmushi ni kaɗai.

Sati biyu aka yi lafiya. Sai datar wani yaro ta ƙare yana tsakiyar kasuwa a Jigawa. Sabis cike, waya na manne da ƙarfen kamfani, ɗigona kore shar, manhaja kuwa sai juyi take kamar fanka. Duk ɗan Kano ya san famfon da ke haɗe da bututu amma ka murɗa ka ji iska. To, bututun nake aunawa, ban taɓa tambayar ruwa ba.

Wannan mai sauƙi ne. Babbar ta faru ne da babban yaron Alhaji ya kwana a wani masauki mai Wi-Fi kyauta, irin wanda sai ka buɗe shafi ka sa lambar ɗaki kafin ya bar ka ka wuce. Ya shigar da buhu 40, ya danna. Saƙon bai ko fita daga harabar masaukin ba. Wi-Fi ɗin ya tare shi a ƙofa, ya maido da shafinsa na maraba ɗauke da lambar 200, wadda a yaren intanet take nufin komai ya yi daidai. Da na sa wa sabata, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonnin manhajar, makullin HTTPS, da manhajar ta gane baƙo ne ya amsa, amma na ce sai bayan Sallah. Manhajar ta ga 200, ta rubuta "An aika", ta goge abin da ke cikin wayar don tsafta. Tsaftar ma ni na koya mata.

Washegari mota ta sauke riɗi, lissafi babu ko tiya. Alhaji ya tsare yaro da ido, yaro ya fara rantse-rantse, ni kuma aka kira ni ina cin ƙosai.

"Injiniya, zo ka gaya mana tsakanin yarona da na'urarka wa ya iya ƙarya."

Ranar ba babbar riga.

Wani abokina mai aiki da React Native, wani kayan aiki irin Flutter, sai da ya gama dariyarsa sannan ya nuna mini cewa NetInfo nasu amsa biyu yake bayarwa, ta haɗuwa daban, ta isa ga intanet daban. Wayoyin kansu ma ba sa yarda da gani. Android kan aika sallama zuwa wani adireshin Google, ta jira lambar 204, wato amsa wadda ba komai a cikinta. In shafi ya dawo maimakon haka, ta san an tare hanya. iPhone kuwa wani ɗan shafin Apple take nema mai kalma ɗaya tak.

Sai na ce ai kuwa za a sha sallama. Na sa manhajar ta riƙa ƙwanƙwasa sabata duk bayan daƙiƙa biyu, kuma duk saƙon da ba a amsa ba ta sake aikawa. Kafin azahar wayoyin yara sun yi zafi kamar kaskon masa, caji ya ƙare, data ta bi shi. Gudun gara, na faɗa gidan zago. Abin da ban lissafa ba shi ne a sabis mai rauni saƙo kan isa, amsar ce ke ɓata a hanya. Surukin Alhaji ya karɓi buhu 5 bashi, manhajata ta aika sau bakwai, saba ta rubuta duka bakwai. Aka tura masa takardar buhu 35.

Da kansa ya zo, da carbi a hannu, ya zauna a kan benci bai amsa gaisuwar kowa ba. Alhaji ya dube shi, ya dube ni. Na durƙusa na yi bayanin yadda amsa ke ɓata a hanya. Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaro, to me ya sa ba ta taɓa ɓata wajen rage bashi?"

Har yau ban samo masa amsa ba.

Yanzu kowane ciniki a waya yake fara zama, da lambarsa da ba ta da biyu, don ko an aika sau goma saba sau ɗaya za ta karɓa. Ba a goge shi sai sabata da kanta ta maido da rasit mai wannan lambar. Ɗigon na cire shi, na sa rubutu a wurin: "Saura 3 ba su tafi ba." Alhaji ya biya ni cikon kuɗina bayan ya cire na datar yara, kuma tsohon littafinsa mai jan bango ya dawo kan tebur. Duk Asabar ni nake zuwa in karanta masa lissafin waya, shi yana bin na littafi da yatsa.