Yadda Haruffa Masu Lanƙwasa Suka Tayar da Ƙura a Sabon Tasha

Shafin intanet ba shi da kamanni guda tabbatacce irin na takardar da ta fito daga maɗaba'a, domin abin da ake aikawa zuwa waya ko kwamfuta umarni ne kawai, manhajar da ake kira burauza ita ce ke karanta umarnin ta zana shafin gwargwadon fahimtarta. Kowace burauza tana da injin zane a cikinta: Chrome tana aiki da Blink, Firefox da Gecko, Safari kuma da WebKit. Ita kuwa Opera Mini, wadda ta samu karɓuwa a Nijeriya saboda tsimin data, idan aka sa ta a matakin tsimi mafi tsanani sai ta fara kai shafin ga manyan kwamfutocin kamfaninta, a matse shi a rage masa kaya, sannan a miƙo wa mai waya abin da ya saura. Saboda haka mutum biyu suna iya buɗe adireshi ɗaya a kan benci ɗaya, kowanne ya rantse da abin da idonsa ya gani, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Rubutun Hausa na boko yana da nasa rabon a wannan saɓani, saboda ƴ da ake amfani da shi a Nijar, da kuma haruffan ɓ da ɗ da ƙ waɗanda suka zauna da gindinsu tun shekarun 1930 lokacin aikin Hukumar Talifi ta Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta yaɗa su daga 1939. Tsarin ASCII na 1963, wanda ya ba haruffa lambobin da kwamfuta ke ganewa, gurabe 128 kaɗai gare shi, kuma ba a keɓe wa Bahaushe ko guda ba. Da Unicode ya zo a 1991, kowane harafi mai lanƙwasa ya samu lambarsa, amma samun lamba dabam, samun sura dabam, domin surar tana cikin abin da masu ɗab'i ke kira font, wato kundin zanen haruffa, kuma ba kowane kundi ne maƙerinsa ya taɓa jin labarin Hausa ba.

An ga tasirin wannan giɓi a Sabon Tasha, unguwar da ke Ƙaramar Hukumar Chikun a bakin hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi Kachia da Zonkwa zuwa Kafanchan, inda wata ƙungiyar 'yan kasuwar citta ta yanke shawarar buɗe shafi bayan annobar da ta cinye gonakin citta a Kudancin Kaduna a 2023, da fatan jawo masu saye daga nesa. An zaɓi Hausa saboda ita ce ke haɗa Bajju da Atyap da Ham da Adara a wajen ciniki, an kuma ɗora aikin a kan marubucin wannan nazari, wanda daga nan za a riƙa kiransa mai gyara. Shaidar ƙwarewarsa a wurin 'yan kwamitin ƙungiyar ita ce an taɓa ganinsa ya zaro takardar da ta maƙale a firinta ba tare da ta yage ba, kuma yana sanye da tabarau.

A kwamfutar mai gyara, cikin Chrome, shafin ya fito tsaf, da hoton shugaban ƙungiya a sama da jadawalin farashi a ƙasa, cikin wani font mai ƙayatarwa da ya ɗauko kyauta. Bisa wannan hujja guda ya sanar da kammala aiki, ya karɓi rabin lada, ya kashe shi a wurin mai balangu a daren. Washegari shugaban ya bugo waya daga Kafanchan.

"Yarona, su wane ne suka zuba mana akwatuna a cikin sunan ƙungiya?"

"Ranka ya daɗe, Baba Ciyaman, a nan babu akwati ko ɗaya."

"To, a nan akwai su, har da cikin kalmar kuɗi, inda bai kamata a ga rami ba."

Bayanin ilimi a nan shi ne, idan font ɗin da aka zaɓa ba shi da harafin da ake bukata, burauza takan aro shi daga wani font da ke cikin na'urar, shi ya sa a wasu wayoyi ƙ kan fito ya fi maƙwabtansa tsayi da kauri. Idan kuwa ta duba ko'ina ta rasa, sai ta ajiye ɗan akwati fanko a gurbinsa, wanda masu sana'ar ke yi wa laƙabi da awara saboda kamanninsa, har kamfanin Google ya ƙera jerin font mai suna Noto musamman domin kawar da shi. A kwamfutar mai gyara aron ya yi daidai har bai lura ba, wayar shugaban kuwa tsohuwa ce, Opera Mini ta yi watsi da font ɗin gaba ɗaya, kuma babu inda za a aro. Alamar naira ma ta bi sahu, ta yadda kowane farashi ya fara da akwati, abin da ma'ajin ƙungiya ya fassara da cewa an bar wa mai saye zaɓin biya da sefa.

Mai gyara ya sake zuba rubutun daga wani tsohon fayil, kuma a garin haka layin da ke sanar da burauza cewa an tsara rubutun da UTF-8 ya salwanta. UTF-8 hanya ce ta adana lambobin Unicode wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, kuma a cikinta kowane harafi mai lanƙwasa yana cin gurbi biyu. Burauzar da ba a sanar da ita ba takan yi hasashe, kuma idan ta ɗauka tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai ne, sai ta karanta kowane gurbi a matsayin harafi mai zaman kansa, ƙ ya koma Æ™, ɗ ya koma É da dogon karan ɗori. Sakataren ƙungiya, wanda ya yi difloma a harkar kasuwanci, ya gane alamar ™ nan take, ya taya kwamiti murnar cewa an yi wa sunansu rajistar mallaka har sau da dama a layi ɗaya. Wani dattijo daga Kachia kuwa ya ba da shawarar a yi wa shafin addu'a kafin a ƙara taɓa shi, kuma an karɓi shawarar ba hamayya.

A wannan gaɓa ce aka ɗauki matakin da mafi yawan masu rubuta Hausa a waya ke ɗauka kullum, wato aske lanƙwasar baki ɗaya a mayar da ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, ɓ ta zama b. Akwatuna suka ɓace a kowace burauza, aka samu daidaito a karon farko, sai dai daidaiton ya kasance a kan abin kunya. Jumlar da ke cewa ƙungiyar ta ƙasa ce ta koma tana shelar cewa ta kasa, marabar da aka yi wa baƙi ta koma maraba da baki, taken da shugaban ya fi alfahari da shi kuwa, wanda ke alƙawarin cewa duk wanda ya shiga ƙungiyar zai samu ƙaruwa, ya rasa lanƙwasarsa a daidai wurin da mutuncin kowa ya rataya. Shugabar mata ta ƙungiyar, wadda kuma jigo ce a zumuntar mata ta cocinsu, ta iso shagon mai gyara da kanta ba tare da ta aiko ba.

"Ɗana, karanta mini wannan layin da ƙarfi."

"Mama, ai kowa ya san abin da ake nufi."

"Idan kowa ya sani, me ya sa mijina ya ce a rubuta sunansa tun da safe, shi da bai taɓa noma citta ba?"

Matsalar shimfiɗa, wato yadda hotuna da rubutu ke zama a kan allo, ta zo da nata. Burauzar waya, idan ba a gaya mata ta bi faɗin allonta ba, takan ɗauka shafin na kwamfuta ne mai faɗin ɗigo 980, sai ta tsuke shi har sai an lumshe ido kafin a karanta. Da aka ƙara layin da ke gyara wannan, sai hoton shugaban, wanda aka ƙayyade wa faɗi da ƙayyadadden adadi maimakon kaso na allo, ya ƙi tsukewa, wayoyi suka riƙa nuna hularsa da kunnensa na dama kaɗai. Jadawalin farashi ya zame, farashin busasshiyar citta ya sauka a gaban ɗanya, wani mai saye daga Kano ya bugo yana neman mota guda a kan wannan farashi kafin masu ita su farka. Gaisuwar da aka ƙara da harshen Tyap na Atyap ita ma ba ta tsira ba, domin layin da ake ja a ƙarƙashin wasali alama ce da ake ɗora wa harafi daga baya, kuma font marar shiri yakan ture ta zuwa ƙarƙashin harafin da ke gaba.

Gyaran na gaskiya, wanda wata ɗalibar kimiyyar kwamfuta da ta shigo buga aikin makaranta ta nuna cikin ɗan lokaci, bai ƙunshi wani asiri ba. An mayar da sanarwar UTF-8 a saman shafin, an zaɓi font da ke ɗauke da haruffan Hausa, irin Noto Sans ko Andika na cibiyar SIL, tare da tabbatar da cewa an haɗa da rukunin ƙarin haruffan Latin inda masu lanƙwasa suke, an jera wasu font na ko-ta-kwana a bayansa, an rubuta kalmar naira a cike, an kuma auna hoto da jadawali da kaso na allo. Duk da haka shugaban ya ci gaba da ganin tsohon taken har kwanaki, saboda burauza takan ajiye kwafin shafi a ma'ajiyar wucin gadi domin sauri, kuma ya ƙi yarda a share ta bisa zargin cewa lambobin abokan cinikinsa za su tafi tare da ita. Ragowar ladan mai gyara tana nan a hannun kwamiti, ana nazari.

Hukuncin da wannan lamari ya tabbatar shi ne, ba a auna shafin Hausa da allon wanda ya ƙera shi, ana auna shi da mafi tsufan wayar da ke aljihun masu karatu. Duk mai shirin buɗe shafi ya tara wayoyin jama'a, manya da ƙanana, ya buɗe shi a Chrome da Firefox da Opera Mini, ya sa wanda ya iya Hausa ya karanta kowane layi da ƙarfi kafin a sanar da duniya. Idan harafi ya ƙi fitowa, font ake sauyawa, a bar wa Hausa lanƙwasarta.