Katin da Ya Fi Ƙarfin Akwatinsa

Ƙanena ya sayi kwamfutar tebur ta gwanjo, irin 'yan siraran nan da ofisoshin Turai ke sallamarwa. Rubutu da lissafi da kallon fim duk tana yi ba gardama. Ranar da ya loda mata wasan GTA V kuwa, mota ta riƙa tsayawa cak a tsakiyar titi, sai can ka ganta a cikin shagon mutane.

Ba laifinta ba ne. Irin waɗannan ba su da katin hoto na daban. Ɗan abin da ke zana hoton yana cikin ƙwaƙwalwar injin ne, an yi shi don takardun ofis, alhali wasan zamani na son a zana hoto 60 a daƙiƙa ɗaya.

Sai yaro ya ƙyalla ido a kan katin hoto RTX 3080. Kamfanin Nvidia ya fito da shi a Satumbar 2020 a kan dala 699, amma masu haƙar kuɗin Ethereum suka wawashe shi har farashi ya ninka. Da Ethereum ta daina haƙa a Satumbar 2022, na hannu suka cika kasuwa. Yaro ya sayar da ragonsa, ya sayo ɗaya, ya kira ni in zo in sha kallo.

Na kuwa sha. Tsawon katin ya kusa santimita 30, akwati ya ƙi karɓarsa. Aka cire murfi, bai shiga ba. Aka kai wa mai walda ya yanke gefe. Da ya shiga, sai maganar wuta ta taso: katin shi kaɗai yana jan wat 320, Nvidia ta ce a tanadi na'urar wuta mai wat 750, ta cikin akwatin kuwa 240 aka rubuta a jikinta. Aka sayo babba, ita ma ba wurinta, aka ɗora ta a kan kwali, wayoyi ko'ina. Fankoki na tashi, Hajiya ta leƙo.

"Kai, injin markaɗe ka kawo mini ɗaki?"

Bai kai ga amsawa ba aka ɗauke wuta. Ya tada ɗan ƙaramin janaretan gida, wanda dama firji ya riga ya gajiyar, ya yi tari biyu ya mutu.

Washegari mai gyara ya dubi aika-aikar ya girgiza kai, ya ce GTX 1650 gajere, mai wat 75, wanda ba ya neman wata waya daban, da ya ishi wannan wasa da ya fito a kwamfuta a 2015, har da na ƙwallo. Ni ma ra'ayina ke nan: kwamfutar ofis tana bukatar kati in za a yi wasa, amma daidai jikinta.

Babban katin dai na sayarwa ne, mai faffaɗan akwati da wadatacciyar wuta ya zo a yi ciniki, domin Sallah ta matso kuma babu rago.